Guntun fata, jar ƙasa da ƙaro: mun leƙa zauren wani mai zane a Birni

Yaya: Masu saurare, barkanmu da warhaka daga Damagaram. Auta, yau ke za ki fara, tunda ke kika ja ni zauren nan.

Auta: To Yaya. Saurayi ne, ɗan gidan dukawa a Birni, ba nisa da fadar Sarki. Tun yana ƙarami yake tsince guntayen fatar da babansa ya yanke ya zubar. Da ya shiga lekol ya koyi zane da fensir, sai ya haɗa biyun a kan katako guda.

Yaya: Ni abin da ya tsayar da ni, launukan. Babu fentin gwangwani ko ɗaya.

Auta: Ko ɗaya. Jan daga karan dafi ne, wanda dukawa ke rina fatar akuya da shi. Shuɗin kuma baba ne. Baƙin nan da kika taɓa, tsohon ƙarfe ake jiƙawa, in ruwansa ya hau fatar da aka jeme da bagaruwa, nan take sai ta yi baƙi ƙirin.

Yaya: A gabana ya gwada. Ya ɗiga da tsinke, kafin in ƙifta ido wurin ya rine.

Auta: Sannan ba ya fara zane tukuna. Yakan tankaɗe jar ƙasa, ya kwaɓa da ƙaro, ya shafe katakon, ya jingine a inuwa. In an kai rana tsagewa take, balle da hunturu. Bayan ta bushe ne yake baza fata da kaba da fasasshiyar ƙwarya, yana matsar da su har su zauna masa, kana ya huda da basilla ya ɗinke.

Yaya: Amma Auta, wani zai ce ai tarkace ne aka liƙa.

Auta: Sai ya je ya dubi aikin El Anatsui, ɗan Gana da ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Nsukka ta Najeriya. Murafan kwalabe yake ɗinkewa da wayar tagulla, kuma a 2015 aka ba shi babbar lambar yabo a bikin baje kolin zane-zane na birnin Banis (Venice) a Italiya.

Yaya: Ni ko ba a je nesa ba. Dagin da ke jikin allonsa, shi ne a fuskar tsofaffin gidajen Birni, waɗanda damina ke ci kowace shekara. Magina masu iya wannan zayyanar sun yi ƙaranci, abin yana damuna ƙwarai.

Auta: Shi ya sa mako mai zuwa wurin magini za mu. Duk mai tambaya ya turo mana ta WhatsApp kafin Alhamis.