Ya kamata tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Jos ta zama wurin zaman jama'a

An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a wani taron dattawa da matasa a Jos. Mai jawabin masanin zanen gine-gine ne, haifaffen garin.

Assalamu alaikum. Iyayena dattawa, iyayenmu mata, ƙannena matasa, barkanmu da yamma.

Kowa a nan ya san Taminus, yankin tsakiyar gari da tsohuwar tashar jirgin ƙasa take, amma yaranmu kaɗan ne suka san asalin sunan. Kalmar Turanci ce, ma'anarta inda layin dogo ya ƙare. A 1914 ƙaramin jirgi ya iso garin nan daga Zariya domin kwasar kuza, wadda kafin nan a kai ake ɗaukarta. Jirgin Bauchi ake ce masa, alhali bai taɓa taka garin Bauchi ba, a Bukuru ya tsaya. A 1927 babban layi ya iso ta Kafanchan, kuza ta riƙa sauka har Fatakwal. An rufe ƙaramin layin a 1957, kuma wanda ke son ganin irin jirgin ya je gidan tarihin Jos da Bature masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya buɗe a 1952. A bakin dogon nan Jos ta girma. Kakannin da yawa daga cikinmu ta wannan ƙofa suka shigo, da tabarma a hammata.

Ina yaro mahaifina kan riƙe hannuna mu je tashar tarbar baƙi. Har yau ina ganin 'yar tagar sayar da tikiti mai sandunan ƙarfe, da bencin katakon da zaman mutane ya goge har yana sheƙi. A kan bencin nan za ka ga Birom da Bahaushe da Inyamuri da Bayarabe, kafaɗa da kafaɗa, ana miƙa wa juna gyaɗa. Babu mai tambayar unguwar wani.

Wannan benci shi ne abin da muka rasa. Tun rikicin Satumbar 2001, da na 2008, da na 2010, garin ya dare. Akwai unguwannin da yaro zai girma bai taɓa shiga ba. Babbar kasuwa da ke haɗa kowa ta ƙone a Fabrairun 2002. Gidajen silima irin su Kwararafa, inda samari ke cakuɗa da dare, zamaninsu ya wuce. To ina za mu haɗu? Tashar nan tana tsakiyar gari, ba ta wata unguwa ba ce, ba ta wani addini ba ce. Shi ya sa idona ke kanta.

Bari in yi maganar sana'ata. Tsohon gini daga sama yake fara mutuwa. Kwano ɗaya ya ɗage, ruwa ya sami hanya, katakon rufi ya jiƙe, gara ta shiga. Kun san daminar Jos, daga Afrilu har Oktoba, wani lokaci har da ƙanƙara. Gidan da ake kwana a cikinsa, ɗigo ɗaya aka ji za a tara bokiti, da safe a kira kafinta. Wanda aka garƙame da kwaɗo kuwa, sai bango ya tsage ake sani. Saboda haka aikin farko rufi ne da indararo da magudanar ruwa, fenti ya jira. Kuma ina roƙon maginanmu, kada a yaɓa wa tsohon dutse ko jan bulo siminti mai kauri don a ce an gyara. Siminti yana tsare danshi a ciki, bango ya riƙa ruɓewa ta ƙarƙashi. Tagogin katako a kankare su a shafa musu mai, kada a tumɓuke a sa gilas mai zamewa.

An yi irin haka a Kano: Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa suna tsaye domin an ba su aiki, an mai da su gidajen tarihi. Sai dai ni ba gidan kallo kaɗai nake nufi ba. Ina so mai shayi ya kafa teburinsa a baranda lokacin sanyin Disamba, mata su soya waina, a dafa gwaten acca, dattawa su buga dara, ɗalibai su sami kusurwar karatu. Ɗakin ajiye kaya ya zama zauren biki, yau walima, gobe liyafar auren coci. Kuɗin haya a ware kaso a asusun gyara, a liƙa lissafin a bango duk wata.

Baba, na ga ka ɗaga hannu, na san tambayar: ginin na wa ne? Na hukumar jiragen ƙasa ne. Haya za mu nema a rubuce, kuma ba za mu taɓa dogo ko wurin tsayawar jirgi ba, domin muna fatan dawowarsa.

Kafin mu tashi ina neman mutum goma daga unguwanni dabam-dabam, a cikinsu a sami kafinta, da magini, da lauya, da mata aƙalla uku. Su za su rubuta takardar neman izinin shiga, mu hau mu duba rufin kafin ruwan farko. Takarda tana nan bakin ƙofa, a rubuta suna.