Ƙazuwa da makero: mutum ɗaya ke susa, gida duka ke shafa magani

Fatima: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Ni ce Fatima, ga Yaya Bello, ga kuma Anti Hauwa, ma'aikaciyar jinya da ta daɗe a ɓangaren yara. Yau zancen fata za mu yi, ƙuraje da ƙaiƙayin da ke yawo a gidajenmu. Anti, sannu da zuwa.

Hauwa: Yawwa Fati, sannunku dai. Malam Bello, ya makaranta, ya yara?

Bello: Lafiya lau Hajiya, sai dai susa. Za ki ga yaro yana rubutu da hannu ɗaya, ɗayan yana cikin riga. In na ce ya miƙo hannu, sai in tarar tsakanin yatsunsa duk ƙananan ƙuraje, wasu sun yi ruwa, wuyan hannun har ya yi baƙi don susa.

Hauwa: Ka gama siffanta ƙazuwa. Ni tambaya biyu nake yi wa uwa. Da daddare ya fi susa? Wa kuma ke susa a gidan? In ta ce ai har ƙanensa da yayarsa ba sa barci, to da wuya ba ita ba ce. Wani ƙwaro ne ɗan mitsitsi ke kawo ta. Macen tana haƙa rami a cikin fata ta yi ƙwai, ta fi son tsakanin yatsu, hammata, ƙugu, cibiya da gaba. A jarirai har tafin hannu da tafin ƙafa da kai.

Fatima: Amma Anti, a unguwa da an ce ƙazuwa sai a ce ƙazanta ce. Shi ya sa uwa ke ɓoyewa.

Hauwa: Wannan ɓoyon ne ya fi damuna. Wanka sau uku a rana ba ya kashe ƙwaron nan, domin yana can cikin fata. Abin da ke yaɗa shi haɗa jiki ne na dogon lokaci: kwana a katifa ɗaya, bargo ɗaya, goyo. Gidan mai tsafta ma tana shiga. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su, kuma ta ce a kowane lokaci akwai mutane sama da miliyan 200 da ke ɗauke da ita. Sannan ga wani abu da mutane ba su sani ba: wanda ya kamu a karon farko zai iya yin mako 4 zuwa 6 bai fara susa ba, alhali yana ɗauke da ita.

Bello: Wato in an yi wa yaro magani shi kaɗai, aikin banza ne.

Hauwa: Zai warke, ya koma katifa ya sake ɗauka daga ɗan'uwansa. Duk wanda ke kwana a ɗakin, da uwa da uba, mai susa da wanda bai fara ba, rana ɗaya za su shafa. Maganin da aka fi amfani da shi man farmetrin ne mai kashi 5 cikin 100. Ana shafawa daga wuya har yatsun ƙafa, ba inda ƙuraje suke kaɗai ba. A yanke farce a cusa a ƙarƙashinsa, a bi tsakanin yatsu, a bi duk wani lungu na jiki. Ƙananan yara har kai da fuska, a kauce wa ido da baki. A bar shi ya kwana, awa 8 zuwa 14, a wanke da safe, a maimaita bayan kwana 7.

Fatima: To alwala fa? Ga sallar asuba a tsakani.

Hauwa: Madalla da wannan tambaya. A shafa bayan isha'i. In an wanke hannu ko an yi alwala kafin lokacin ya cika, a sake shafawa inda ruwa ya taɓa, don hannu ne babban mazauninsa. Akwai kuma farin ruwan nan, benzil benzoyet. Ya fi sauƙin kuɗi amma yana da raɗaɗi, kuma sai an sirka shi kafin a shafa wa yara, don haka a tambayi ma'aikacin lafiya yawan ruwan. Jaririn da bai kai wata 2 ba da mai juna biyu, a kai su asibiti a zaɓa musu.

Bello: Kayan sawa da shimfiɗa kuma?

Hauwa: Washegari a wanke zanin gado da tawul da tufafin da aka sa kwanan nan da ruwan zafi, a shanya a rana. Abin da ba ya wankuwa a ɗaure a babbar leda a ajiye aƙalla kwana 3, domin ƙwaron ba ya wuce kwana 2 zuwa 3 in ba a jikin mutum ba. Kuma a sani, ƙaiƙayi kan ci gaba har mako 4 bayan ƙwaron ya mutu. Kada uwa ta ce bai yi ba ta dinga shafawa kullum, fatar ce za ta ƙone.

Bello: Ni tsangayu nake tunawa, inda yara da yawa ke kwana ɗaki ɗaya. Da maƙwabta za su haɗa kuɗi su sami alaramma a tsayar da rana ɗaya a shafa wa kowa, wallahi sadaka ce babba.

Hauwa: Ƙwarai kuwa, don abin ba ya tsayawa a ƙaiƙayi. Susa na buɗe fata, wasu ƙwayoyin cuta su shiga. In kin ga mugunya, ko ɓawon gyambo rawaya, ko zazzaɓi, aikin gida ya ƙare. In kuma fuskar yaro ta kumbura, fitsarinsa ya yi duhu ko ya ragu, a garzaya asibiti, cutar na iya taɓa ƙoda ta wannan hanyar.

Fatima: Mu koma kan makero. Na sha ganin ana goga wa yaro man birki ko ruwan batir a ka.

Hauwa: Don Allah a daina. Ƙuna ce kawai, har da dakakkiyar tafarnuwa da ake ɗaurawa ta kwana. Makero fangas ne, wato ƙwayar cuta dangin funfuna. In a jiki yake, man kulotirimazol safe da yamma na mako 2 zuwa 4 yakan isa, a ci gaba ko da tabon ya ɓace. Na ka kuwa, inda gashi ke karyewa wurin ya yi fari, mai ba ya kaiwa tushen gashi. Sai maganin sha irin su giriseofulbin na mako 6 zuwa 8, likita ne zai auna da nauyin yaro, kuma ya fi shiga jiki in an sha da abinci mai maiƙo.

Bello: A nan laifin namu ne, iyaye maza. Mu ke kai yara wurin mai aski, a yi wa yaro goma da inji ɗaya ba a goge ba. In da hali a saya wa gida nasa injin, kowa da matajinsa da hularsa.

Fatima: Anti, man nan mai haɗi uku da ake ba mu a kemis fa? Kwana biyu ƙaiƙayi ya tsaya.

Hauwa: Shi ne tarkon. A duba kwalin, in akwai betametason ko kulobetasol, sitiroyid ne mai ƙarfi. Yana kwantar da ja da ƙaiƙayi, fangas ɗin kuma yana ta faɗaɗa a ƙasa, har likita ya kasa gane shi. Na ga jariran da aka dinga shafa musu shi a mazaunai don ƙurajen famfas, fatar ta yi sirara, ta yi haske, jijiyoyi sun bayyana. Jariri iska yake so, da yawan canji, da ɗan basilin.

Fatima: Ganyen darbejiya da kakanninmu ke dafawa a yi wanka?

Hauwa: In ya huce kuma bai sa fata raɗaɗi ba, ban hana ba, amma kada ya zama dalilin fasa sayen magani. Inda kayan gida suka yi fice shi ne hunturu. Man kaɗe, a shafa da an fito wanka jiki bai gama bushewa ba. Mai faso ya jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, ya goge kaushin a hankali, ya shafa mai, ya sa safa ya kwana. Mai ciwon suga kada reza ta kusanci ƙafarsa.

Bello: Da bazara kuma ƙurajen zafi.

Hauwa: Su kam mai suke ƙi. Ruwan sanyi, riga mara nauyi ta auduga, inuwa. Kuma a rage naɗe jarirai da shawul da hula da safa a watan Afrilu.

Fatima: Anti Hauwa, Allah ya saka da alheri. Yaya Bello, mun gode. Masu sauraro, sai mun sake haɗuwa.