Awarwaron da ke sanar da asibiti kafin mai rauni ya iso

Jama'a, assalamu alaikum. Duk wanda ya saba bin hanyar Ngaundere zuwa Garwa a Kamaru ya san gangaren dutsen nan da ke sa fasinjoji salati. A ce, Allah ya kiyaye, motar fasinja ta kife a can da mutum sittin, masu agaji huɗu suka fara isowa. Wa za su fara ɗauka?

Ba mai ihu ba ne, domin mai ihu yana numfashi. Akwai tsarin tantancewa da ake kira START, wanda aka ƙirƙiro a Kalifoniya ta Amurka a 1983, yana raba mutane launi huɗu. Wanda ya iya tashi ya taka da ƙafarsa, kore. Wanda numfashinsa ya wuce 30 a minti, ko aka danna masa farce jini bai dawo ba cikin daƙiƙa 2, ko aka ce "matse hannuna" ya kasa, ja ne, shi za a fara kaiwa. Rawaya zai iya ɗan jira. Baƙi kuwa shi ne wanda ko an buɗe masa hanyar iska ba ya numfashi.

An daɗe ana rubuta wannan a kati a rataya wa mutum. Sai dai jini da ruwan sama suna goge rubutu, kuma kati bai san abin da ya faru bayan an rataya shi ba. Mai rawaya da ke zubar da jini ta ciki yana iya koma ja, yana kwance shiru ba wanda ya lura.

To akwai wani awarwaro da ake sa wa mai rauni a hannu. A cikinsa akwai ɗan ƙwayar RFID, wato ƙwayar lantarki da waya ke iya karantawa in an kusanto ta, mai lamba guda da ba ta da biyu. Ma'aikaci ya kanga masa waya, ya ɗauki hoto, ya shigar da launi da allurar da aka yi da lokacinta. Wani abu da ake maƙalawa a yatsa kuma yana auna bugun zuciya da iskar da ke cikin jini, yana turawa ta Bluetooth. Da zarar sun yi ƙasa, wayar shugaban masu agaji ta yi ƙara. Can a Garwa likita ya riga ya ga masu ja shida na tafe, ya sa a nemo jini a shirya ɗakin tiyata.

Ni abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne batun mamata. Mu ba ma barin gawa ta kwana in da hali, kuma sau da yawa katin shaida yana can cikin jakar da ta ɓace. Bayan guguwar Katrina a Amurka a 2005, an sa wa gawawwaki irin wannan ƙwayar don kada a rikita su. Ita kanta ba ta faɗin suna. Hukumar 'yan sandan duniya ta Interpol da zanen yatsa da haƙora da gwajin DNA take dogara. Amma lambar ce ke haɗa hoton fuska da rigar da aka same shi da ita da wurin da aka binne shi, har uwar da ta zo daga Kusiri bayan mako guda a nuna mata kabarin ɗanta.

Sai dai dole kayan su dace da ƙasarmu. Rezo, wato layin waya, yana ɗaukewa a daji, wuta ba kullum ba, zafin Afrilu a Marwa yana haura digiri 40. A ambaliyar 2024 a Yagwa da sassan Chadi, wasu wuraren sai da kwalekwale ake isa. Na'urar da za ta yi mana amfani ita ce mai ajiye bayani a cikinta har a samu layi, kuma a rubuta lambar da alƙalami a jikin awarwaron ko da batir ya mutu. Hotunan nan kuwa a kulle su hannun asibiti da masu agaji, kada iyali su fara ganin fuskar mamacinsu tana yawo a WhatsApp.