Furen da ya kwana ɗaya a falon Auta

Yaya: Masu saurare, barkanmu da war haka daga Maradi. Yau Auta ce ta kawo ƙara, Inna kuma ce alƙali.

Auta: Wallahi Yaya, raina ya ɓaci. Ran Juma'a ƙawata ta tsinko mini furanni a lambunsu na bakin Gulbi, na sa a kwalba. Asabar da safe duk sun sunkuyar da kai kamar marayu.

Inna: A ina kika aje kwalbar?

Auta: Bakin taga, kusa da tiren mangwaro.

Inna: To ke kika kashe su, ɗiyata. Mangwaro da ayaba in suna nuna, wata iska suke fitarwa, etilen, tana tsufar da fure. Ga rana ta taga, a Afrilun da zafi ke wuce digiri 40. Ganyen ƙasa fa, kin zage shi?

Auta: Haba Inna, ganyen ai shi ne adon.

Inna: Na sama ne ado. Wanda ya nutse ruɓewa yake yi, ƙwayoyin cuta su toshe karan, fure ya mutu da ƙishi alhali yana tsaye cikin ruwa. Kin shinshina ruwan?

Auta: Kar ma ki tuna mini. Kamar kwata!

Yaya: Ni na ji ana zuba sukari.

Inna: Ƙaramin cokali ɗaya a lita, ki matsa lemun tsami kaɗan, ki ɗiga jabel, ruwan wankin nan mai sa tufafi su yi fari, sau biyu ko uku. Sukari shi kaɗai ƙwayoyin kike kiwo. Da hantsi bai yi ba ake tsinka, a yanke gindin a karkace da wuƙa mai kaifi, a sake ruwa kullum.

Yaya: Buganbiliyar katangarmu fa?

Inna: Bar ta a katangarta, kafin gobe sai shara. Ni reshen yakuwa nake so in ya yi jajayen 'ya'ya. Dogo a tsakiya, tsawonsa kamar kwalba ɗaya da rabi, gajeru su kewaye shi. Kar a cusa su kamar daurin alayyafo.

Auta: Ƙaramin tuluna zai yi?

Inna: Tulu yana tsatsafo, zai jiƙa miki tebur. Ɓoye kwalba a cikinsa.

Yaya: Mangwaron kuma a kawo mana nan, mu raba su da furen.