Gyaran Saitin Na'urar Hangen Taurari Mai Kwamfuta A Akara

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu ɗaukar hoton sararin sama. Idan kuka umurci na'urar hangen taurari ta nufi Kaza da 'Ya'yanta, sai ta juya ta tsaya inda babu komai, kada ku yi saurin zargin injinta. Na'urar ba ta ganin sama, lissafi kawai take yi da bayanan da kuka shigar mata.

Ku fara da kwanan wata. Rimot ɗin SynScan, wanda ake sarrafa irin waɗannan na'urori da shi, yana karɓar wata kafin rana, saboda haka wanda ya rubuta 05/11 da nufin 5 ga Nuwamba ya shaida wa na'urar cewa yau 11 ga Mayu ce, kuma za ta nemi taurarin a kusan ɗaya ɓangaren sama. Agogon Ghana daidai yake da na GMT duk shekara, ba ma ƙara sa'a guda lokacin bazara kamar Turai. Idan rimot ɗin ya tambaye ku ko ana ƙara sa'ar, kuka amsa da "e", kun gusar da saitin da digiri 15, gwargwadon juyawar duniya cikin sa'a ɗaya. Rubuta gabas a maimakon yamma wajen shigar da wurin da kuke kuwa ɓarnarsa kaɗan ce a Akara, domin layin Girinwic, wanda daga shi ake auna gabas da yamma, ta Tema ya ratsa, amma a Kumasi kuskuren zai haura digiri 3, wato faɗin cikakken wata sau shida.

Babbar matsalarmu a nan ita ce tauraron arewa, wanda da shi ake saita sandar juyawar na'urar. Akara tana kimanin digiri 5.6 ne arewa da ikweta, kuma iyakar tashin tauraron daga ƙasa ke nan. A unguwa irin Nima ko Mamobi rufin maƙwabci kaɗai ya isa ya tare shi, balle kuma hazon hunturu ya sauko. Ga shi mazaunin na'urori da yawa don ƙasashen arewa aka ƙera shi: kuna sauke shi zuwa digiri 6, sai ku ji ƙarfen da ke daidaita nauyin na'urar ya bugi ƙafar gaba. Maganin wannan shi ne a sa ƙarin wuya tsakanin mazauni da ƙafafun. A ganina, neman tauraron da ido ɓata dare ne. Manhajar NINA tana iya ɗaukar hoto a wurare uku na sama, ta gane taurarin da ke ciki, sannan ta nuna muku yadda za ku murɗa sukurori har saitin ya zauna.

Idan na'urar tana dacewa a gabas amma tana kuskurewa bayan ta juya yamma, bututun hangen ne bai miƙe daidai da sandar juyawa ba, sai ku daidaita saitin rimot ɗin da taurari uku maimakon biyu. Idan kuma kuskuren yana canzawa ba tsari, ku ɗaure maɗauran da suka yi sako-sako, ku kuma auna batirin, domin injin yana fara sargafewa idan wutar ta yi ƙasa sosai.