Ƙumbar Ruwa da Lafiyar Kogin Offin: Lacca daga Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum. Iyayena, malamaina, 'yan'uwa maza da mata, sannunku da zuwa.

Ga abin da na riƙo muku yau. Na baya, kuna hango shi? Ɓawon ƙumba ne, dabbar nan mai ɓawo biyu da ke zama a gindin kogi, irin wanda kakanninmu mata ke kankare ƙanzo da shi a gindin tukunya. Ku miƙa wa juna, kowa ya shafa. Zoben nan da kuke ji a bayansa, alamar girman dabbar ce, kaɗan-kaɗan take ƙarawa kowace shekara. Akwai wani irinta a Turai da ke wuce shekara 100 a duniya.

Ruwan famfon Kumasi, mafi yawansa daga madatsar Barekese yake zuwa, a kan kogin Offin. Wanda ya bi kogin nan ya gangara wajen Dunkwa ya san yadda galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ya mai da shi, ruwa kamar koko. Injin canfan na masu haƙar zinariya yana tona gindin kogi dare da rana, ga zaibar da ake kama zinariya da ita. Wallahi ranar da na fara ganin haka, tsayawa na yi a bakin gada, bakina ya mutu. Sai matasa su tambaye ni: Malam, in an kori masu haƙa, ruwa ya kwanta ya yi fari, ai shi ke nan kogi ya warke? Ni kuwa nakan ce a je a tambayi ƙumba.

Ƙumba ba ta yawo. Tana nan binne a yashi, tana zuƙar ruwa tana tacewa, babba guda kan tace lita gommai a yini. In dauɗa ta zo, sai ta rufe ɓawonta ta yi lamo, wani lokaci ta tsira. To amma haihuwarta fa? Nan nake so ku ba ni hankalinku.

Namiji yana sakin maniyyinsa ne cikin ruwa, macen ta zuƙo shi. Ta riƙe ƙwan a jikinta, a wurin da take numfashi, har su zama 'ya'ya, kowanne bai fi ƙwayar yashi ba. Sai ta feso su, dubbai a kan dubbai. Kowane ɗa dole ya samu kifi ya maƙale masa, a fiffike ko a jan naman nan na ƙarƙashin murfin kai, wanda mata ke cirewa in suna gyaran kifi. Wanda bai samu ba cikin 'yan kwanaki, ya mutu. Wanda ya samu, kifi zai goya shi makonni, sannan ya saki ya faɗo ƙasa. Wasu irin ma sai kifi takamaimai suke yarda da shi. Allah mai iko!

Da ya faɗo, cikin yashi zai shige ya yi ƙuruciyarsa. In laka ta toshe yashin, iska ba ta ratsawa, ya shaƙe. Gubar da uwa ke jurewa kuwa, ɗa ba ya iyawa.

Shi ya sa za ka tarar da kogi cike da manyan ƙumba ka yi murna, alhali gari ne na tsofaffi zalla, an yi shekaru ba a yi suna ba. Haka aka gani a koguna da dama na Turai. A Amurka, 1998, wata tankar sinadari ta kife a kan hanya, sinadarin ya kwarara cikin kogin Kilinc na jihar Bajiniya, ya kashe dubban ƙumba. Sai da masana suka koma kiwon 'ya'yan a tankuna tare da kifayen da ke goyonsu, suna mayarwa kogi, shekara da shekaru.

Hajiya ta tambaya ko ƙumbar nan ita ce adode, mai ɓawon nan ta kogin Volta da ake soyawa a Sogakope da Ada. A'a Hajiya, danginsu daban, amma ita ma ta ji jiki bayan an datse Volta a Akosombo a 1965, wuraren kamunta suka tsuke.

Roƙona ga 'yan'uwanmu masu fatauci da direbobin da ke bin hanyar Dunkwa: in rani ya yi, ruwa ya ja, ku sauka ku tona yashin gaɓa da hannu. Kada ku nemi manya. Ku nemi ƙanana, masu girman farcen ɗan yatsa. In kun samu, ku ɗauki hoto, ku mayar da ita inda take, ku kawo mana sunan ƙauyen.

Na ji ladan ya fara kira. Sauran tambayoyi sai bayan la'asar, in Allah ya yarda.