Fayil ɗin da Ya Ƙi Goguwa

An rubuto wannan ne daga sautin laccar da aka yi wa matasa masu koyon gyaran kwamfuta da masu aiki a shagunan buga takardu a Samaru, Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da ke gaba, ina neman izininku. Ƙannena, sannunku da zuwa, musamman ku da kuka taso tun daga Tudun Wada da Sabon Gari cikin wannan rana.

Akwai wata ɗabi'a da ta yi yawa a shagunanmu, kuma tana ci mini rai. Ɗaliba za ta kawo laftof ta ce wani fayil ya ƙi goguwa, sai yaron shago ya ce a yi fomatin. Ya share komai, ya sake ɗora Windows, ya karɓi kuɗinsa, ita kuwa ta koma ɗaki babu babi uku na furojet ɗinta. Windows ba ta hana goge fayil haka siddan. Akwai dalili, kuma sau da yawa tana rubuta shi a saƙon da ta nuna maka. Mu ne ba ma tsayawa mu karanta.

Dalilin da ya fi yawa shi ne wata manhaja tana riƙe da fayil ɗin. Ba a naɗe tabarma mutum na zaune a kai, sai an gane shi an ce ya tashi. Ka danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager ya buɗe, ka rufe abin da kake zargi. In ba ka gane shi ba, ka rubuta resmon a wurin bincike, ka shiga ɓangaren CPU, ka sauka kan Associated Handles, ka rubuta sunan fayil ɗin. Nan take zai fito maka da mai riƙon. Wani lokaci antibayiros ne yake dubawa, wani lokaci OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, ne yake lodawa, wani lokaci ma Explorer, wato tagar duba foldoji da kake ciki, ne, saboda gefen da yake nuna maka abin da ke cikin fayil a buɗe yake. Alt da P za su rufe shi. Mai son abin da ya fi wannan zurfi ya ɗauko Process Explorer, na Mark Russinovich, wanda Microsoft ta sayi kamfaninsa a 2006. Kyauta ne. Amma don Allah a shafin Microsoft za ku sauke shi, ku bar kwaso manhajojin "buɗe makulli" daga ko'ina, da yawansu da tasu cutar suke zuwa.

Ku kuma lura da wannan: tun daga Windows 8, kashe kwamfuta da Shut down ba ya wanke komai, tana ajiye wani abu don ta tashi da sauri. Restart ne yake farawa daga tushe. In shi ma bai yi ba, ka riƙe Shift ka danna Restart, ka bi ta nan zuwa Safe Mode, inda yawancin manhajoji ba sa tashi.

Yanzu maganar filash, wadda ita ce ciwon Samaru da Kongo, harabobin Jami'ar Ahmadu Bello, lokacin kare furojet. Filash ɗaya zai zaga shago biyar a yini. Ka buɗe shi ka ga duk foldoji sun koma shotkot, ka goge, su dawo. Ɗalibin yana tsaye a kanka, hannu a ka, yana salati. Ka ce masa ya zauna, aikinsa yana nan, ɓoye shi aka yi. Ka buɗe Command Prompt, in harafin da kwamfuta ta ba filash ɗin E ne, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ka danna Enter. Foldojin za su bayyana. Dawowar shotkot ɗin kuwa, bayiros ɗin yana cikin kwamfutarka ne yana gudana, galibi ta wscript.exe. Ka tsayar da shi a Task Manager, ka cire shi daga abubuwan da ke tashi da kwamfuta, sannan ka goge. In ba ka yi haka ba, duk wanda ya soka filash a shagonka ya kwashi rabonsa.

Akwai na dogon suna. Folda cikin folda cikin folda, har adireshin ya wuce harafi 260, Explorer ya kasa. Ka rage sunayen foldojin daga sama, shi ke nan. Akwai kuma na ɗaukewar wuta ana cikin kwafa, fayil ya lalace. Maganinsa chkdsk E: /f, amma ka fara kwashe abin da za ka iya. In had disk yana ƙas-ƙas, ka dakata, wannan ba maganar gogewa ba ce kuma.

Sai wanda nake so ku ji da kyau. Idan saƙon ya ce kana buƙatar izinin TrustedInstaller, fayil ɗin na Windows ne kanta. E, umarnin takeown zai ba ka iko a kansa, amma me ya kai ka? Na ga laftof ɗin da ta ƙi tashi saboda wani ya shiga System32, foldar fayilolin Windows, yana gogewa don neman fili. In hiberfil.sys ne, fayil ɗin da Windows take adana halin da kwamfuta ke ciki kafin ta mutu, ya cinye maka wuri, powercfg /h off zai kawar da shi ta hanyar da ta dace. Windows.old kuma, foldar tsohuwar Windows, aikin Disk Cleanup ne.

Wani daga baya ya tambaya: Malam, in duk an gwada ya ƙi fa?

To, sai ka ɗora Ubuntu, wani tsarin sarrafa kwamfuta ne kamar Windows, a filash, ka tayar da kwamfutar da shi ba tare da ka girka shi ba. Windows ba ta tashi ba, ba mai riƙe komai, ka shiga ka goge. Sai dai ka fita daga Windows ta Restart, in ba haka ba Ubuntu zai iya ƙin taɓa had disk ɗin. Kuma kafin ka danna, ka kira mai laftof ɗin ya karanta sunan fayil ɗin da idonsa ya ce e, shi ne. Haka ma in da del ko rd /s /q za ka yi, domin abin da suka goge ba ya biyawa ta Recycle Bin.